Sautun da Na Kai Kumasi

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar kasuwar Filinge, mu biyu ne a zauren gidana, ni da taubashiyata. Babu na uku. Matata ta rasu kafin faɗuwar damina, yaran kuma kowa yana garin da aiki ko aure ya kai shi. Ina zaune ina goge takalman tafiya sai na ji amalanken jaki ya tsaya a ƙofa, ta shigo tana dogara sanda, da ƙunshi a hammata.

Sai na fara faɗin ko ni wane ne, don a gane sauran. Karatuna bai yi nisa ba. Aikin da na yi har na ajiye shi ne kula da ɗalibai a lakkwal, wato makarantar boko, abin da ake ce wa sirbeyan. Ni ke buga ƙararrawa, ni ke tsayuwa bakin ƙofa, wanda ya makara a hannuna yake faɗawa. Rabin magidantan garin nan sun taɓa shara a gabana. Har yau idan na ratsa majalisa sai hira ta tsaya, a gaishe ni da ladabi, a jira in wuce. Ban ga laifinsu ba. Amma wanda ake yi wa haka, idan matarsa ta rasu, ba ya da wanda zai yi masa wasa. Ni dai mutum guda ta rage mini, wannan tsohuwa, ɗiyar gwaggona, wadda ke zaune a wani ƙauye kan hanyar Damana. Tsakanin taubasai babu kunya, kuma ita ba ta taɓa sanin tsorona ba.

Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta dubi takalman.

"To, sarkin ƙararrawa, an ce za ka tahi Kurmi kallon birai."

"Wa ya gaya miki?"

"Su biran sunka aiko. Sun ce babban wansu na tahe, a share gida."

Gaskiya ne zan yi tafiya. Ɗiyata da ke aikin jinya a Yamai ta ga zaman kaɗaici yana cina, sai ta sa sunana cikin wani yawon buɗe ido. Mota guda, jagora guda, a bi ta Binin da Togo a ƙare a Gana, a ga namun daji da duwatsu da teku da yadda mutanen can suke zaune. Da farko na ƙi. Abin da ya sa na yarda shi ne ta ce mini komai a tsare yake, an san lokacin tashi, an san wurin kwana. Na ɓoye maganar, liman da maƙwabcina kawai na gaya wa, saboda na san halin ƙasarmu. A Kurfai, wato ƙasar Filinge, ba a tafiya hannu biyu. Duk wanda zai yi kudu, ƙasashen da tsofaffi ke haɗawa su ce Kurmi, sai an ɗora masa sautu, domin babu gidan da ba ya da ɗa can wajen cin rani. Kuma sautu ba a ƙin sa.

Na ce mata, "Ba cin rani za ni ba. Akwai jagora, akwai tsari. Inda anka ce a tsaya nan ake tsayawa."

"Motar tana bi ta Kumasi ko ba ta bi?"

"Tana bi."

"To mi ya rage?"

Ta kwance ƙunshin a kan tabarma don in ga abin da zan ɗauka, ta san ba na ɗaukar abin da ban gani ba. Daddawar batso ce curi-curi, da yaji da ta daka da hannunta, da wata tasbaha baƙa wadda ƴaƴanta suka sha hannu har suna ƙyalli. Na san tasbahar. Ta mijinta ce, wanda muka rufe lokacin sanyin da ya wuce.

Ɗanta na fari yana Kumasi, ko kuma can aka san shi. Da yana aike, yana kira. Daga baya lambarsa ta daina shiga, waɗanda ke dawowa da damina kuma kowa da abin da yake faɗi. Har ranar da nake ba da labari bai san ubansa ya rasu ba.

Ta daina dariya. Ta ce, "Ka zaunar da shi tukuna. Ka bari ya sha ruwa. Kai na kawunai, a bakinka ya kamata ya ji. Kar ka ba wani ya ba shi, kar ka bari ya tsinci zancen a bakin tasha. In ka gama hwaɗa mishi, sannan ka sa mishi tasbahar ga hannu."

"Kumasi ba Damana ba ce. Ina zan gan shi?"

"Ka tambayi zango. Duk ɗan ƙasarmu zango yake sauka. Kai da ka iya kamo yara bayan katanga, ƙato guda zai gagare ka?"

Ta fito da allura da zare daga bakin zanenta, ta ɗinke ƙunshin a gabana, ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa da hannu biyu. Daga nan magana ta ƙare.

A Yamai muka shiga motar, farar kar, wato bas, mai sanyi a ciki, gilasai a rufe. Abokan tafiyar duk biyu-biyu suke: wani likita da matarsa, wasu sababbin aure, wasu Turawa mata biyu, da wasu ma'aikata da iyalansu. Ni kaɗai ne ɗaya. Jagoranmu saurayi ne ɗan Togo, mai tsabta, yana jin Faransanci da Turanci da Hausa kaɗan. Tun ranar farko ya shiga raina, domin da ya ce mota za ta tashi, ta tashi.

Ba mu bar gari sosai ba daddawar ta fara aikinta. Wanda bai san daddawar batso ba ba zai gane ba. A miya babu kamarta, amma a cikin mota rufaffiya wani abu ne daban. Matar likita, wadda ke kujerar gabana, ta fara toshe hanci da gyale. Sababbin auren suka koma baya. Jagora ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya ce cikin ladabi, "Baba, ko a sa wannan kaya a ƙasa tare da akwatuna?"

Na ce a'a. Akwai tasbahar mamaci a ciki, ba za ta kwana ƙarƙashin ƙafafun mutane kusa da tayar safaya ba. Ya ce to a cire tasbahar a sa sauran ƙasa. Na ce ɗinkin ba nawa ba ne, ba ni zan farke shi ba. Ya dube ni, ya ga ba wasa a fuskata, ya samo leda ya taimake ni muka naɗe. Ta rage, ba ta hana ba. Tun daga ranar kujerar da ke kusa da ni ta zama ta ƙunshin, har muka dawo.

Abin da muka fara gani raƙuman dawa ne, a wajen Kure, cikin ƙasarmu. Na tsufa a jiha ɗaya da su ban taɓa ganinsu ba. Suna tafiya cikin gonakin mutane a hankali, suna cin ganyen gawo daga sama, manomi yana aikinsa ko kallonsu ba ya yi. Matata takan kira mijin ɗiyarmu raƙumin dawa saboda tsawonsa, a ɓoye, mu biyu kawai. Da na ga wani babba ya sunkuyo yana leƙen motar da irin wannan fuska ta rashin laifi, dariya ta taso mini. Na duba wanda zan gaya wa. Kowa yana riƙe da waya yana ɗaukar hoto. Na haɗiye ta.

Muka ƙetare kogi a Gaya muka shiga Binin. A wani babban dajin da aka keɓe wa namun daji aka tashe mu da asuba, aka sa mu a motoci buɗaɗɗu. Jagora ya ce kada kowa ya yi magana. Wannan bai yi mini wuya ba. Giwaye suka fito shan ruwa a jere, babbar uwa a gaba, ƙanana a tsakiya, babu mai wuce wani. Na ji daɗin ganin haka ƙwarai. Muka ga dorina, ido da kunne kawai a saman ruwa, muka ga ɓauna da gada iri-iri. Birai kuwa har masaukinmu suka biyo mu, wani ya sace burodin likita daga kan tebur ya hau bishiya yana ci yana kallonsa. Na ce a raina, bari in riƙe wannan in kai wa taubashiyata, ta samu abin zagina na shekara.

Kusa da iyakar Togo aka kai mu ganin wasu mutane masu gina gidan ƙasa mai hawa, kamar ƙaramar ganuwa. Dabbobi a ƙasa, mutane a sama, rumbu a kan rufi. Abokan tafiyata suka shige ciki suna hoto. Ni na tsaya a waje, domin na yi sallama ba a amsa ba, kuma ban saba shiga gidan mutum haka ba. Akwai wani tsoho zaune a gindin bango yana gyaran ƙotar fartanya. Na zauna nesa kaɗan da shi. Ba ya jin harshena, ba na jin nasa. Can sai ya ɗaga kai, ya shaƙi iska, ya nuna ƙunshina da haɓa, ya yi alamar tuƙa miya da hannu, ya ƙyalƙyale da dariya. Na gyaɗa kai. Ya shiga ciki ya fito da tasu daddawar a tafin hannu ya nuna mini. Na sunsuna, na yaba da kai. Shi ne mutum na farko da ya matso kusa da ni saboda warin nan. Muna nan zaune har jagora ya hura usur.

Togo kore ce har ido ya gaji. Muka hau duwatsu, muka bi wata siririyar hanya cikin kurmi zuwa inda ruwa ke zubowa daga saman dutse dare da rana. Na daɗe a tsaye. Babu mai guga, babu mai tulu, babu layin mata, babu garken da ke jira. Ruwa yana ta zuba kawai yana wucewa. Na tuna rijiyoyinmu da yadda ake haɗa igiya da igiya kafin a taɓa ruwa da bazara. Aka nuna mana icen koko, wanda ƴaƴansa ke fitowa a jikin kututture. Duk wannan na gani, na kuma adana shi a kaina bi da bi, kamar mai shirin ba da rahoto, ko da yake ban san wa zan ba ba.

Da yamma a otel kowa yakan zauna da nasa. Ni nakan ci abinci da wuri, in tambayi alƙibla, in yi salla a ɗaki. Kafin a watse jagora yakan faɗi tsarin gobe, kuma kullum ni ne na farko a bakin mota. Har ya riƙa cewa da sauran, "Ku yi koyi da Baba." Ba na jin wannan ya ƙara mini farin jini.

Tun a Togo na gaya masa maganar sautun, ban dai faɗa masa abin da ke cikin saƙon ba. Ya ce, "Baba, zango a Kumasi ba ɗaya ba ne. Unguwanni ne da yawa, mutanen cikinsu sun fi ƙarfin a tambaya gida-gida. Kana da sunan unguwa?"

Ba ni da shi. Sunan yaron kawai gare ni, da sunan ubansa, da kamanninsa.

Ya ce tsarin Kumasi shi ne da safe a ga gidan tarihi da masaƙa, da rana a sake mu cikin babbar kasuwa, bayan azahar mota ta kama hanyar bakin teku. "Lokacin kasuwa naka ne, ka yi nemanka. Amma in lokaci ya yi mota za ta tashi. Kai ka fi kowa sanin haka."

Na ce masa haka ne daidai, kuma ko ni ne shi abin da zan faɗa ke nan.

Ban taɓa ganin taron mutane irin na kasuwar nan ba. Na rungume ƙunshin a ƙirji na shiga. Ana jin Hausa ko'ina, amma wata iri ce, sai na kasa kunne sosai. Na yi abin a tsare. Da farko na tambayi inda ƴan Nijar suke, aka nuna mini masu albasa. Masu albasa suka ce su mutanen gabas ne, in je wajen masu gyaran takalma. Waɗannan Zabarmawa ne, suka karɓe ni da kyau, suka ce ba su san shi ba, amma akwai wani mai shayi ɗan Tawa a bakin wani masallaci, duk ɗan ƙasarmu da ke wannan gefen a bencinsa yake karyawa. Wani ya raka ni har can.

Mai shayin dattijo ne mai fara'a. Na gaya masa ina neman wani ɗan Filinge, dogo, bahago, da tabo a girar hagu inda jaki ya taɓa harbinsa.

Ya ce, "Dogo ɗan Filinge akwai. Yana tura kura. Kullum bayan la'asar yana nan."

"Bahago ne?"

"Alhaji, ni kofi nake miƙawa, ban duba hannun da ya karɓa."

"Tabon fa?"

"Hula yake sawa har gira. Ka bar mini kayan mana, in ya zo in ba shi. In ba shi ba ne, a hankali za a samu mai shi. Haka muke yi."

Na san haka ake yi, kuma na ga mutumin kirki ne. Da daddawa da yaji ne kawai da na bar masa na tafi da zuciya ɗaya. Amma duk wanda ya farke ɗinkin nan ya ga tasbahar ubansa, ya ji labarin ke nan, a bakin titi, tsakanin kofunan shayi, ba kowa nasa a kusa. Abin da aka ce kada in bari ya faru ke nan.

Na duba agogo. Idan na tashi a lokacin zan iske mota. Idan na jira la'asar ba zan iske ta ba.

Yaron da nake nema ɗalibina ne. A ƙafa yake zuwa daga ƙauye, kuma ban tuna ranar da ya riga ƙararrawa ba. Sai an gama shiga aji, na ɗauko kwaɗo zan rufe ƙofa, in hango shi ya taho a guje, takalma a hannu. Na sa shi shara, na sa shi ɗiban ruwa, na sa shi durƙuso, taubashiyata ta zo har lakkwal ta zage ni a kansa. Bai gyaru ba. Amma ban taɓa rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba. Yakan makara, ba ya fashi. Ina zaune a bencin nan sai na ga kamar zan hango shi ya ɓullo daga kwanar masallaci a guje.

Na roƙi mai shayi ya kira mini lambar jagora a wayarsa, tawa ba ta aiki a ƙasar. Na ce, "Ku tafi. Zan biyo ku."

 Jagora ya faɗa mini sunan otel ɗin bakin teku da tashar da zan shiga mota, ya ce zai kula da akwatina. A ƙarshe ya ce, "Baba, ban zaci haka daga wajenka ba."

Na ce, "Ni ma."

Na yi azahar a masallacin, na dawo benci. Na yi la'asar, na dawo benci. Mai shayi ya ba ni shayi ya ƙi karɓar komai. Duk dogon da ya ɓullo sai in miƙe in duba. Can rana ta yi sanyi, sai mai shayi ya ce, "Ga mutumin naka."

Tun daga nesa na san ba shi ba ne. Tafiyar ba tasa ba ce.

Mutumin ya zo ya gaishe ni. Da ya ji bakina sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Ɗan Sanam ne. Ya ce a nan ba wanda ya san Sanam, shi ya sa yake cewa Filinge. Ya tambaye ni ruwan bana, ya tambayi hatsi, ya tambayi hanya, ya tambayi wasu tsofaffi da na sani da waɗanda ban sani ba. Da na kawo maganar bahago sai ya ce ya san shi sarai, sun taɓa kwana ɗaki ɗaya. Amma ya daɗe da barin Kumasi. Wasu sun ce yana bakin teku yana dakon kifi, wasu sun ce ya shiga gonakin koko ta yamma. Ba shi da lambarsa.

Ya dubi ƙunshin, ya ce, "Lahiya dai, Baba?"

Na ce, "Sautu ne daga gida."

Ya matso da hancinsa ya shaƙa, ya rufe ido. Ya ce, "Batso."  Sai ya ce in jira shi. Ya tafi da sauri ya dawo da turmin atamfa a leda, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in kai wa tsohuwarsa a Sanam, in ce mata na gan shi da idona yana lafiya. Na zo da sautu ɗaya, na bar Kumasi da biyu. Shi ya raka ni tasha ya sa ni a mota.

Da safe a bakin teku na fito na iske abokan tafiyata wajen karin kumallo. Na je na tsaya gaban jagora na ba shi haƙuri a gaban kowa, domin haka nake sa ɗalibai su yi. Ya ce ya wuce. Matar likita, wadda ta yi ta toshe hanci tun daga Yamai, ta tambaye ni me ya faru. Na ce ɗan ƴar'uwata nake nema, uwarsa ta tsufa.  Da aka kai mu inda jiragen kamun kifi ke sauka, sai na ga ta bar mijinta ta biyo ni, tana yi mini tafinta da Turanci wajen masu dako. Muka bi su rukuni-rukuni. Akwai ƴan ƙasarmu a cikinsu, amma babu wanda ya san bahago mai tabo a gira.

Sauran abin da ke cikin tsari na yi shi duka. Na taka gadar igiya da aka ɗaura a saman itatuwan kurmi, ƙunshin a rataye a wuyana, tana lilo, ban duba ƙasa ba. Na shiga wani tsohon gini fari inda aka ce nan ake tsare mutane a da kafin a zuba su a jirgi, aka nuna mana ƙofar da suke fita. Ban yi hoto a wurin ba. Na tsaya bakin teku na sa hannu na ɗanɗana, gishiri ne kamar yadda ake faɗa. Na duba iyakar ganina ban ga ɗaya gaɓar ba.

Da na dawo gida, sautun Sanam na fara sallama. Na shiga motar kasuwa na kai da kaina, na sa wa tsohuwar a hannu, na ce na ga ɗanta da idona. Ta yi ta shafa atamfar tana sa mini albarka. Wannan ya yi sauƙi.

Ranar kasuwa taubashiyata ta zo. Tun daga ƙofa ta ga ƙunshin a kan tabarma da ɗinkinsa yadda ta yi shi. Ta zauna. Na ba ta labari daga farko, ban tsallake komai ba: masu albasa, masu takalma, mai shayi, ɗan Sanam, bakin teku. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da na gama ta ce, "Kai da kanka ka bar mota ta tahi?"

"Na bari."

"Wa ya sa ka shara?"

"Ba kowa."

"An yi sake." Ta ɗan yi murmushi, bai daɗe ba. "Biran hwa, sun gane ka?"

Na ba ta labarin wanda ya sace burodin likita. Ta ce lalle danginmu ne. Daga nan ta jawo ƙunshin ta farke ɗinkin da haƙori. Ta ture daddawar da yajin gabana, ta ce in ba matar maƙwabcina ta riƙa sa mini a miya, na rame. Na tura mata tasbahar. Ta mayar da hannunta baya.

"Na riga na ba ka. Ba ni amsa. Randa ka gane shi ka ba shi."

Tasbahar tana nan rataye a ƙusa a zaurena, inda nake rataye makullan lakkwal a da. Jagora ya aiko wa ɗiyata hotunan tafiyar, ta wanke mini wasu. A kowane ina tsaye a gefe, rungume da ƙunshi. Duk wanda na ji zai yi kudu ina zuwa har gidansa in ba shi kamannin yaron, ni da na ɓoye tafiyata don gudun sautu. Taubashiyata ba ta zuwa kowace kasuwa yanzu, ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara. In ta zo, ƙusar take fara duba kafin ta gaishe ni. Ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai. Ban cire rai ba, domin na san yaron.

Kai mai karatu, wataƙila kana Kumasi, ko bakin teku, ko cikin gonakin koko, ko kana da wani a can. Idan ka haɗu da wani dogon Bakurfaye, bahago, mai tabo a girar hagu, wanda ya yi lakkwal a Filinge, ina roƙonka abu biyu. Na farko, kada ka gaya masa abin da ka karanta a nan, ko da ya matsa maka, kuma kada ka ba shi ya karanta. Na biyu, ka ce masa kawunsa mai ƙararrawa yana nemansa, yana da sautunsa a hannu, ya zo gida ya fara biyowa ta zaurena kafin ya wuce ƙauye. Ka ce masa na san ya makara, ya zo haka nan, ban rufe ƙofa ba.